Zare: wane suna za mu raɗa wa "pollination" da Hausa?

1/
Malaman kimiyya na Zariya da kewaye, manoma, masu fassara, ku matso kusa. Kalmar nan ta daɗe tana yi mana cikas a aji. Yaro zai haddace "folineshan", ya rubuta a jarrabawa ya ci, amma kai shi gonar babansa a Shika ka ce ya nuna maka inda abin ke faruwa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ga matsayata tun ba a yi nisa ba: mu ce barbarar fure. Wanda bai yarda ba ya ji hujja tukuna.

2/
Ku shiga gonar masara da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a makon da ta fara goyo. Ku girgiza kara ɗaya. Wata ƙura ruwan ɗorawa za ta zubo daga furen da ke can ƙololuwa, ta ɓata muku kafaɗar riga. Wancan na sama shi ne namiji. Macen tana ƙasa a jikin goyo, kuma da gemun nan mai sheƙi da ke leƙowa take tarar ƙurar. Kowane zare na gemun ƙwaya ɗaya tak yake yi wa aiki. Wanda ƙura ta sauka a kansa, ƙwayarsa ta cika. Wanda bai samu ba, gurbinsa ya zauna wayam. Shi ya sa in ka shuka masara layi ɗaya a bayan ɗaki, ko fari ya kama ta a daidai wannan mako, za ka ɓare goyo ka tarar da giɓi ta ko'ina kamar bakin tsohuwa. Wannan tafiya da ƙura ke yi daga namiji zuwa mace ita muke nema wa suna.

3/
Ita kanta ƙurar ba sai mun wahala ba. Na ga masu rubuta "garin fure" da "hodar fure". Gari abin da aka niƙa ne, hoda kuma ta kwalliya ce. Manoman gero suna da kalmarsu tun kaka da kakanni: bununi. Mu ɗauko ta daga gonar gero mu ba kowane fure. An gama da wannan.

4/
Shawarar da ta fi yawa a saƙonnin da kuka turo ita ce "auren fure". Tana da daɗin ji, babu kunya a cikinta. Matsalar ita ce an riga mu. Je wajen masu sayar da dashe ka ce kana son mangwaro mai aure, za su nuna maka wanda aka yanko reshen wani aka ɗora a kan gindin wani, aka naɗe da leda har suka haɗe. Babu fure a wannan aiki, babu bununi. In muka kira biyun aure, ranar da malamin gona zai koyar da su a mako guda sai Allah.

5/
Wani dattijo daga cikin birni ya kawo kalmar Larabci, "talƙihi". Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da tushe. A Suratul Hijri, aya ta 22, an siffanta iskoki da "lawaƙiha", wato masu yin talƙihi, kuma hadisin mutanen Madina da ke ɗora furen namijin dabino a kan macen yana nan a Sahihu Muslim. Duk almajirin da ya zauna a zaure ya san wannan. Amma Malam, manomin da ke bakin Galma bai san ta ba, sai an sake fassara masa. Ga shi kuma Larabawan yau da wannan kalmar suke kiran allurar rigakafi. Mu bar ta a wurin karatu, inda take da gida.

6/
Sai barbara. Wata malama daga Tudun Wada ta rubuto: "Malam, yaya zan tsaya gaban 'yan mata arba'in in ce barbara? Ajin zai watse da dariya." Malama, zai watse ranar farko. Rana ta biyu ya zama darasi. Iyayenmu mata suna aiken yaro ya kai akuya barbara gidan maƙwabta da rana tsaka, ba wanda ya rufe fuska. Kalmar dabbobi ce, ba ta mutane ba, nan ne ma mutuncinta yake.

Kuma fa Bahaushe bai taɓa musun cewa tsiro yana da jinsi ba. Wa bai san namijin gwanda ba, mai zuba furanni a dogayen sanduna ya ƙi haihuwa, har maigida ya fusata ya ɗauko gatari? Turai sai a 1694 wani masani a Jamus, Camerarius, ya tabbatar da haka da gwaji, kuma masara na cikin abin da ya gwada. A 1735 Linnaeus na Suwidin ya kasa tsirrai aji 24, galibi ta hanyar duba mazajen da ke cikin fure da ƙirga su. An daɗe da barin tsarin nasa, amma a lokacin shi ma an zarge shi da rashin kunya.

7/
Ƙorafin da ya fi nauyi daga Samaru ya zo, daga wani malamin gona. Ya ce barbara tana nuna jiki biyu, alhali gyaɗa da wake a cikin fure guda suke gama komai, sau da yawa ma kafin furen ya buɗe. Wannan gaskiya ce, ranka ya daɗe. Furen gyaɗa, ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, namiji da mace duk suna cikinsa. In an gama sai wani tsinke ya fito ya sunkuya ya huda ƙasa, can ƙwayar take girma.

To amma ai wannan ƙara wa kalmar ƙarfi ya yi, don tana karɓar rassa. In fure ya wadatu da bununinsa, barbarar gida. In daga wani tushe ya zo, barbarar waje. Gero ɗan waje ne: macen takan riga namijin kai ɗaya nuna, dole ta jira abin da iska za ta kawo daga maƙwabci. Dawa galibi 'yar gida ce. Kabewa tana da furen namiji daban, na mace daban mai ɗan ƙullutu a gindi, ƙudan zuma ne ɗan aike. Kuka kuwa da dare take buɗe farin furenta, jemagu su yi aikin. Sai barbarar hannu, wadda ku a Samaru kuka fi kowa sani: a rufe goyo da jaka, a tara bununin uban da ake so, a zuba a kan gemu. Tashar binciken noma ta Samaru ta fara tun 1922, kuma da irin wannan aiki ake fitar da irin masarar da sunansu ya fara da SAMMAZ. Gwada yi wa "talƙihi" waɗannan rassa uku ka ji yadda harshe zai sarƙe.

8/
Hattara da wuri ɗaya. Saukar bununi a kan mace ba shi ne ɗaukar ciki ba. Bayan ya sauka sai ya fid da wani siririn bututu ya bi cikin zaren gemu, tafiyar kusan kwana guda a masara, har ya isa ƙwan. Ƙwayoyin namiji biyu ne ke bin bututun. Ɗaya ta haɗu da ƙwai, ta zama ɗan tsiron da ke kwance a idon ƙwaya. Ɗayar ta haifar da guzurinsa, wato farin ɓangaren da muke niƙawa mu tuƙa tuwo. Wani ɗan Rasha, Nawaschin, ya gano wannan a 1898, kuma da shi ake bambanta tsirrai masu fure da sauran. Turawa suna ce wa wannan mataki fertilization, yaranmu kuwa da sun ji sai su rubuta "zuba taki". Na fi son mu ce ƙulluwa. Barbara ta yi, sannan ƙwaya ta ƙullu.

9/
Sassan fure ba sa buƙatar dogon zance: namijin fure, da jakar bununi a kansa, macen fure, da wuyanta, da mahaifa a gindi wadda ke zama ɗan itace. Abin da ya rage shi ne kan macen, ɗan wurin nan mai danƙo da bununi ke maƙalewa. An kawo "baki", an kawo "matari". Ni matari nake so, don ya faɗi aikin, kuma ya dace da gemun masara wanda ba ya kama da baki ko kaɗan. Mutanen Giwa da Maƙarfi, ku da kuke kwana cikin masara, ku raba mana gardama a ƙasa.