Hanbirki ya maƙale, yanzu bayan motar sai ƙara

Direban_Hatsi:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Hilux ce tsohuwa 2008 nake ɗaukar kaya da ita, na yi tafiya na bar ta a ƙofar gida wajen sati uku da hanbirki a ɗage, ga damina kullum ruwa. Da na dawo na sauke hanbirkin amma mota ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai na sa ribas na ɗan ba ta wuta na ji ƙau! daga baya sannan ta saki. To tun ranar in ina tafiya a hankali ina jin shuu shuu kamar ana goga ƙarfe, kuma yana bin juyawar taya, in na taka birki ƙarar ta canza. Yau kwana huɗu ke nan. Biyarin ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ko me?

Oga_Sifana:
Wa alaikumussalam maigida. Ba na jin biyarin ne, shi biyarin gurnani yake yi yana ƙaruwa da gudu kuma taka birki bai cika canza shi ba. Hilux ɗinka birkin dram ne a baya, wato wani ƙarfe kamar kwano da ke juyawa tare da taya, hanbirki kuma waya ce take buɗe shu, wato lanƙwasasshen ƙarfen birki, ya kama dram ɗin daga ciki, to in ta daɗe a haka cikin danshi tsatsa sai ta manne su wuri ɗaya, wannan ƙau ɗin da ka ji rabuwarsu ce. In tsatsa ce kawai da ka taka birki sau da yawa tuni ta goge, amma kwana huɗu? A'a, akwai abin da ya lalace a ciki. Ka yi ɗan tafiya kamar kilomita biyu ba tare da yawan birki ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowace taya ta baya, kusa fa na ce, kar ka ɗora hannu ka ƙone. Wadda ta fi zafi ita ce mai laifin. Sai a sa dutse a tayar gaba a ɗaga ta bayan da jak a juya ta da hannu, za ka ji inda take kamawa.

Ɗan_Tasha:
Ni dai tawa da ta yi haka gudu na yi da ita ina taka birki har ta daina, ba sai ka kashe kuɗi ba

Oga_Sifana:
Ɗan'uwa kai dace ka yi wallahi. Ƙarfin da ya sa ya ɓamɓare ta yana iya ɓalle lainin, wato fatar birkin da ke gogar dram, daga jikin shu, ko sifirin ya tsinke yana yawo cikin dram, ranar da ya shiga tsakani taya ta kulle ga buhuna a baya me za a ce? A buɗe kawai. In dram ya ƙi fita akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, a ɗaura kusoshi a hankali za su turo shi, kar yaron gareji ya hau shi da guduma. A duba ko silinda na yoyon man birki, a ja wayar hanbirkin a ga tana komawa da kanta. Kuma kar wanda ya hura ƙurar cikin dram ɗin da baki.

Direban_Hatsi:
Oga Allah ya saka da alheri, yanzu na dawo daga gareji. Ta hagu ce, lainin ɗaya ya ɓalle har ya fara cin dram ɗin kaɗan, wayar ma ta cije da tsatsa ba ta komawa duka. Na so a canza hagun kawai saboda aljihu, bakanike ya ce sai dai biyun don kar ta riƙa ja gefe ɗaya, haka aka yi. Yanzu tsit.

Oga_Sifana:
Madalla. Gaba in za ka bar ta ta daɗe, ka sa ta a giya ka tokare taya da dutse, ka bar hanbirkin a ƙasa.