Ƙaramin teburin wasa na yara: wane katako, wane awo?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ana son haɗa wa yara biyu 'yan shekara huɗu ƙaramin tebur na zane da wasa. Don Allah masu sanin aikin katako, wane iri ya dace, kuma nawa za a ba shi tsayi? Irin na kasuwa ba ya jimawa sai ƙafafun su fara rawa.

Kafinta, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ga yaro ɗan shekara uku zuwa biyar, tsayin tebur inci 20 ya isa, kujerarsa kuma inci 11 ko 12. In a kan tabarma za su zauna, a rage teburin zuwa inci 12, an huta da kujera.

Saman a yanke shi daga filawud mai kaurin inci ¾, tsawo inci 36, faɗi 24. Cikakken filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya yi wa wannan aiki yawa, don haka a tambayi ragowar yanka a kasuwar Panteka. Ƙafafu huɗu daga tubaitu, wato katako mai inci 2 da inci 2, kowace inci 19¼, kaurin saman ne zai cike 20 ɗin. Sai ɗamarar da ke riƙe ƙafafun ta ƙarƙashi, falanki mai faɗin inci 3: biyu masu tsawon inci 30½, biyu masu 18½. Wannan lissafin na tubaitun da ya koma inci 1¾ ne bayan an goge shi, sai a auna kafin a sa zarto.

Rawar da kika ambata daga nan take. Masu gaggawa ƙusa suke bugawa ta sama ta shiga kan ƙafar, shi ke nan, babu abin da zai hana ta karkacewa in yaro ya ja teburin. Ɗamarar ce ƙarfin tebur. A shafa gam irin su Top Bond a kowace mahaɗa, a ɗaure da sukuru biyu masu inci 2½, a ƙara guntun katako a gicciye cikin kowace kusurwa. A fara huda ƙaramin rami kafin sukuru, in ba haka ba katakon zai tsage. Kafin gam ya bushe a auna a gicciye daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sannan sauran kusurwoyin biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin, wato ƙafafun da ɗamarar a haɗe, ya karkace, a matsa shi a lokacin. Kada saman ya zarce firam da fiye da inci ɗaya, don yaro sai ya hau baki, kuma in ya fito da yawa teburin zai kife da shi.

Mai sayar da katako, Panteka:
Malam ya gama maganar awo, ni ta katako zan yi. Maɗaci ya fi ƙarfi da jure gara, sai dai tsada da nauyi. Malaina ta wadatar, ba ta da nauyi, tana karɓar fenti. Obece kuwa laushi gare shi, sukuru ba ya kama shi da kyau, kada a yi ƙafa da shi.

Amma ko maɗaci ne, in ɗanye ne an yi asara. Katakon da aka saya da damina yana ɗauke da ruwa, da hunturu ya shigo wajen Disamba sai ya tsuke, mahaɗa ta saki, wani ya murɗe. Ɗanye za a ji shi da nauyi da sanyi a hannu, garinsa kuma yana dunƙulewa a bakin zarto. A jera shi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya yi makonni. A rana tsagewa yake. Kuma a guji MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, kofin ruwa ɗaya ya zube a bakinsa ya kumbura, ba ya komawa.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To maganin gara fa, a shafa?

Mai fenti, Kawo:
A'a Hajiya, kada ki yarda. Su Solignum da baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi guba ne, yaro kuwa bakin tebur ma taunawa yake. Teburin da ke cikin ɗaki kan siminti ko tayil, ana ɗaga shi kullum don shara, gara ba ta samun zama a jikinsa.

Kafin fenti a zagaye kusurwoyi huɗun, murfin gwangwanin madara ya isa zana lanƙwasar. A goge da samfefa mai lamba 80, sannan 120, a ƙare da 220, musamman bakin filawud inda sartse yake fitowa. A nutsar da kan kowane sukuru a toshe ramin da garin katako da gam. Fenti ko banish a nemi na ruwa, don wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, ga wari mai daɗewa. Shafi biyu ko uku sirara, ana ɗan gogewa a tsakani. Shafi mai kauri samansa kawai ke bushewa, farce ya kwaɓe shi. A bar teburin inda iska ke shiga aƙalla mako guda kafin a ba yara, da damina a ƙara kwanaki.