Wane suna za mu ba "oftikal latis" da Hausa?

Malamin fizis, Jahun: Salamu alaikum malamai. Kalmar wannan makon ita ce oftikal latis. Bari in fara da abin kansa, kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. Ana haska leza a madubi, hasken ya komo ta inda ya fito, mai zuwa da mai dawowa su haɗu su tsaya cak: nan haske, nan duhu, a jere. Tazarar rabin zangon hasken (tsawon igiyarsa guda) ce, wato leza mai nanomita 1064 tana ba da 532; nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Sai a zuba atam ɗin da aka sanyaya ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digirin Kelbin, su zauna a jeren. Ni dai na kawo "ragar haske".

Malamar kimiyya, Taura: Wa alaikumus salam. Malam, raga ba ta yi ba. Abin da raga ta kama ba ya fita, su kuwa atam ɗin nan suna ƙetarawa maƙwabta, kuma a nan duk lissafin yake. Me zai hana "kunyoyin haske"? Tudu da kwari ne sak, kamar gonar gyaɗa bayan huɗa.

Ɗalibin digiri na biyu, Garki: Malama, kunya ta dace idan leza biyu kaɗai ke fuskantar juna. Atam ba ya haura tudun da sauƙi, amma yana yawonsa a kwarin. Da an gitta wasu biyu, kwarin ya yanke ya zama sirarran bututai. A ƙara na uku daga sama, ya koma ramuka. Irin wannan na ukun aka yi a Munik ta Jamus a 2002, da atam ɗin rubidiyam-87 da leza mai nanomita 852, tazara 426. Kunya ba za ta ɗauke shi ba.

Tsohon malami, Kiyawa: 'Ya'yana, kun wuce shi a gindin bishiya kullum. Dara ce. Ramuka a jere, ɗa yana matsawa gurbin da ke kusa da shi, taki ɗaya. Ku ce "darar haske", kowane rami gurbi. Abu biyu ne ke kokawa a ciki. Ɗaya sauƙin kurɗawa, don atam ba ya tsallake tudun, ratsa shi yake yi. Ɗaya kuma tsadar zama biyu a gurbi guda, saboda suna ture juna. Idan leza ba ta da ƙarfi, guraben ba zurfi, kurɗawa ta yi rinjaye, taron ya gudana ba gogayya. A ƙara ƙarfin leza, kowa ya maƙale a gurbinsa, abin da ake kira yanayin Mott. A gwajin Munik canjin ya zo ne da zurfin ya kai wajen ninki 13 na ƙarfin tunkuɗar da ƙwayar haske guda ke yi wa atam.

Malamar kimiyya, Taura: Allah ya gafarta Malam, a dara ba a haɗa 'ya'ya biyu a gurbi. Rubidiyam kuwa yana yi.

Ɗalibin digiri na biyu, Garki: Yana yi, musamman a tsakiya inda tarkon ya fi matsewa: bibbiyu a ciki, ɗaiɗai a gefe. Uku ne matsala. Biyu su haɗe su zama molekul, ƙarfin da ya fita ya watsar da duka ukun waje. Amma litiyam-6 da fotasiyam-40 'yan dara ne na gaske, iri ɗaya ba sa haɗa gurbi sam.

Abin da ya ja ni ga kalmar Baba shi ne entrofi, wato awon yawan hanyoyin da za a iya jera abubuwa, wanda koyar da shi ke ba mu wuya. Ku ɗauki dara mai gurbi 30 da 'ya'ya 30 iri ɗaya, kowane gurbi ɗaya. Hanyar jerawa guda ce tak, entrofi sifili. Cire ɗa ɗaya, hanyoyi sun zama 30. Yanzu a ce 'ya'yan iri biyu ne, tsinke da tsakuwa, kamar atam masu yanayi biyu: kowane gurbi yana da zaɓi biyu, entrofin kowane atam ya kai ln 2, kusan 0.69 a ma'aunin Boltzmann. Sai an rage shi sosai kafin su jeru tsinke, tsakuwa, tsinke, tsakuwa. An ga wannan jerin a Harvard a 2017 da litiyam-6, a fili mai gurbi wajen 80.

Malamin fizis, Jahun: Shi ya sa masu aikin suka fi bin entrofi a kan awon zafi. Ba ma'aunin da za ka tsoma a ciki. Ana auna gas ɗin kafin a kunna darar, a ɗaga ƙarfin leza a hankali, milisakan 80 a gwajin Munik, da fatan entrofin bai ƙaru ba. Ka yi gaggawa, atam su hau matakin ƙarfi na sama, sanyin ya lalace. Ka yi nawa, rawar ƙarfin leza da ƙwayoyin hasken da atam ke haɗiya yana amayarwa su ɗumama shi. Kuma da yake ƙarfin motsi a cikin darar yana da rufi, a 2013 a Munik an tara fotasiyam-39 a can sama, awon zafinsa na Kelbin ya fito da alamar ragi. Wannan ba sanyi ba ne, ya fi kowane zafi zafi.

Na janye raga.

Malamar kimiyya, Taura: Na yarda, da sharaɗi biyu. A bar mini kunyoyin haske ga mai leza biyu. Sannan a riƙa gaya wa ɗalibai cewa ɗan dara yana gurbi ɗaya, atam mai gudana kuwa ya bazu a gurabe da yawa lokaci guda, kuma hasken shi ya haƙa guraben: a wata lezar atam a duhu yake zama, gwargwadon launinta.

Tsohon malami, Kiyawa: An karɓa, 'yata. A rubuta ta da d, ba ɗ ba, kada yara su karanta "ɗara". Entrofi kuma kada wanda ya ce mini "hargitsi" sai mako mai zuwa.