Tsawon Yatsu da Wasannin Mata: Taƙaitaccen Abin da Masana Suka Tattauna

Masana sun tattauna ko tsawon yatsu yana da alaƙa da bajintar mata a wasanni. Ma'aunin da aka fi magana a kai shi ne tsawon manuniya a raba da tsawon yatsan zobe. Masanin kimiyya John Manning ne ya yayata shi a 1998, bisa hujjar cewa yawan sinadarin testosteron (wanda ya fi yawa a jikin maza) da ɗan tayi ya samu a watannin farko na ciki yana sa yatsan zobe ya fi tsawo. A 2006, binciken da aka yi wa mata tagwaye 607 a Landan ya nuna masu ƙaramin adadi a wannan ma'auni sun fi yin nisa a wasanni, musamman gudu.

A tattaunawar, kan yadda ake awo aka fi daɗewa. A buɗe tafin hannun dama a miƙe, a ɗora ma'auni daga tsakiyar layin da ke gindin yatsa, wanda ya fi kusa da tafi, zuwa ƙarshen tsoka, ban da farce. A auna sau biyu, a ɗauki matsakaici. Manuniya mai milimita 70 da yatsan zobe mai 72 suna ba da 0.97. Kuskuren milimita ɗaya kawai zai iya sauya adadin da 0.01, wanda ya kai kusan rabin bambancin maza da mata. Hoton fotokwafi kuma yakan rage adadin, don haka kada a gauraya shi da awon hannu kai tsaye.

Ga masu horar da 'yan mata, shawarar ɗaya ce: kada a tantance yarinya da yatsunta. Alaƙar tana fitowa ne idan aka auna mutane masu yawa, ba a kan mutum ɗaya ba, kuma ƙabila ma tana sauya adadin. Agogon gudu ya fi faɗin gaskiya.