Jinin kaciya ya ƙi tsayawa: himofiliya ce ko wata cuta daban?

Ummu Fadil, Makka:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata aka yi wa kaciya bayan suna, jini ya yi ta ɗiga har kwana biyu. Yayarsa kuma haɓo take yawan yi. Iyayen auren zumunci ne. Likita ya rubuta gwaje-gwaje. Don Allah ta yaya ake bambance waɗannan cututtukan?

Baƙon Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Fara da duba inda jinin yake fita. Himofiliya ta fi zubar da jini a cikin jiki: gwiwa ko idon sawu su kumbura su yi zafi, yawanci in yaro ya fara rarrafe, ko wurin allurar tsoka ya tara jini ya yi ƙullutu. Yawanci maza take kamawa, ta wajen uwa take biyowa, shi ya sa ake tambayar labarin kawunnansa. Amma kusan ɗaya cikin uku ba a samun kowa a dangi mai ita. Fakta su ne sinadaran da ke sa jini ya daskare, lamba aka ba kowannensu. Nau'in A rashin fakta 8 ne, nau'in B rashin fakta 9. In ma'aunin faktan bai kai kashi 1 cikin 100 ba, mai tsanani ce.

Haɓon da ya wuce minti 10, jinin dasashi da tabon kwanciyar jini a fata kuwa sun fi nuna cutar von Willebrand (ƙarancin wani sinadarin tsayar da jini mai wannan suna) ko matsalar ƙwayoyin filatilet masu toshe rauni, kuma waɗannan ba su ware mace ko namiji. Tunda yayar ma tana haɓo, ga auren zumunci, ni zan so a nemi cutar Glanzmann, wadda ta filatilet ce ta gado.

Mai Ɗakin Gwaji:
Hajiya, a takardar ki nemi abu uku: adadin filatilet, da PT da aPTT, gwaje-gwaje biyu na tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. In aPTT kaɗai ya yi tsawo, a auna fakta 8 da 9. In PT kaɗai, fakta 7. In duka biyun ne a jariri, a fara tambaya ko an yi masa allurar bitamin K ranar haihuwa.

Inda ake tafka kuskure shi ne a ga ukun nan lafiya lau a ce ba komai. Glanzmann ba ta taɓa ko ɗaya cikinsu, ƙwayoyin sun cika adadi amma ba sa manne wa juna, sai an yi gwajin aikinsu. Rashin fakta 13 ma haka yake ɓuya, alamarsa cibiya ta yi ta tsattsafo da jini kwanaki bayan haihuwa.

Kwalbar ɗibar jinin mai shuɗin murfi dole ta cika har layi, a gwada cikin awa 4. In ba ta cika ba, ko an ɗebi jinin ta bututun da heparin (maganin hana jini daskarewa) ya bi, sakamakon ƙarya zai fito. Kuka da zazzaɓi suna ɗaga sinadarin von Willebrand, don haka gwajin yayar yana iya buƙatar maimaici. Fakta 9 kuwa ƙasa yake a kowane jariri, in ya ɗan gaza a sake aunawa bayan wata 6.

Anti Nas, Madina:
'Yar'uwa, kafin sakamako ya fito, ban da asfirin da ibuprofen, farasitamol kawai. Kada a cire beli, kada a yi tsaga ko ƙaho. A gaya wa mai rigakafi tun kafin ta ɗauki sirinji, ta danne wurin aƙalla minti 5. In ya bugu a ka, a wuce asibiti nan take ko da ba a ga jini ba.