Kuɗin 'yan sanda daga Abuja: ina yake maƙalewa kafin ya iso caji ofis?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana harkar kasafi. Kowace shekara ana karanto wa 'yan sanda biliyoyin naira, amma a unguwannin Jos har gobe sai an yi karo-karo ake zuba wa motar sintiri mai, wanda ya kai ƙara kuma shi ke sayen fayil da takarda. Shin akwai kason da aka yanka wa rundunar Filato, kamar yadda ake yanka wa jihohi a rabon wata-wata? In akwai, da wane mudu ake aunawa, kuma me ke isa hannun DPO?

Tsohon Akanta

Wa alaikumus salam, Malam. Babu irin wannan kason, kuma dalilin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Kwamishinan da ke Jos reshe yake riƙe da shi, ba hukuma mai cin gashin kanta ba. Rabon wata-wata da kake magana a kai yana da ma'auni sananne: tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kuɗin 'yan sanda daga kason tarayya yake fitowa, ta hanyar kasafin shekara, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin 'Yan Sanda.

Ga yadda abin ke tafiya. Ofishin Kasafi yana aika wa hukumomi takarda da iyakar abin da za su iya nema, wato ambulan. Ba a tambayar ka me kake buƙata. Ana ba ka ambulan ne a ce ka cusa buƙatarka a ciki. Hedikwatar rundunar da ke Louis Edet House ta tsara nata, ta kare shi a gaban kwamitocin majalisa, Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Sa hannun ba kuɗi ba ne tukuna. Sai Ministan Kuɗi ya fitar da waranti, sannan ofishin Akanta Janar ya saki tsabar. A tsakanin waranti da tsaba ne ayyuka da yawa ke kwana.

Kuɗin kuma gida uku ne, kowanne da hanyarsa.

Albashi shi ne ya cinye kusan komai. Ba ya ma biyowa ta Jos: daga IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, yake faɗawa asusun bankin kowane jami'i. Saboda haka idan an tura wa jiha jami'ai da yawa, an tura mata kuɗi da yawa ke nan a fakaice. Ainihin rabon yana faruwa ne a teburin da ake rubuta sauyin wurin aiki, ba a teburin kasafi ba.

Kuɗin manyan ayyuka, irin su bariki, motoci, makamai da rediyon oba-oba, a Abuja ake ba da kwangilarsu bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Kaya ake turo wa jiha, ba kuɗi ba. Wannan gidan ne aka fi yi wa ƙwauro idan kuɗin shiga ya gaza, don ba a taɓa albashi.

Na uku shi ne kuɗin gudanarwa, kuma shi ne amsar tambayarka: mai, gyaran mota, takardu, wuta, abincin waɗanda ake tsare da su, kuɗin tafiya bincike. Kaso ne ƙarami, shi ne kuma mai doguwar hanya. Daga hedikwata ake raba shi ga sassanta, da shiyyoyi 17, da rundunonin jihohi 36 da Abuja, da makarantun horo irin Kwalejin Manyan Jami'ai ta Jos, da rundunonin mobayil. Abin da ya iso wa Kwamishina sai ya ɗebi na hedikwatar jiha, a ba Eriya Kwamanda, ragowar ta gangara caji ofis. A takarda duk wata ya kamata ya fito, a aikace wata kan tsallake.

Yi lissafi da kanka. A ɗauka motar sintiri ɗaya na shan lita 20 a rana, lita 600 ke nan a wata, ban da taya da baƙin mai. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, alhali kasafin shekarar an riga an sa masa hannu da tsohon farashi. Giɓin nan shi ke komawa kan mai ƙara da 'yan unguwa, wani lokaci har kan direban da ke bin hanya.

Lauyan Garki

Yallabai Akanta ya yi bayani, amma ya tsallake ƙofa ta huɗu: Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wanda Shugaba Buhari ya sa wa dokarsa hannu a Yunin 2019 da wa'adin shekara 6. Dokar ta ba shi kashi 0.5 cikin 100 na abin da ya shiga Asusun Tarayya, wato asusun da ake rabon wata-wata daga cikinsa, da kashi 0.005 na ribar kamfanoni. Na biyun suna ne kawai: kamfanin da ya ci ribar naira biliyan 1, naira 50,000 dokar ta 2019 ta ɗora masa. Na farkon ne mai tsoka, shi ne kuma ya jawo shari'a. Jihar Ribas ta kai ƙara cewa sashe na 162 ya ce kuɗin Asusun Tarayya na matakan gwamnati uku ne, ba a gutsure shi a ba wata hukumar tarayya kafin rabo. A Janairun 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba Ribas gaskiya, ta ce a mayar mata da abin da aka cire daga kasonta.

Ko da an ajiye shari'ar gefe, asusun an yi shi ne don horo, kayan aiki da walwalar jami'ai, kuma hukumar asusun da ke Abuja ce ke zaɓar ayyukan. Zai iya kawo wa caji ofis sabuwar Hilux, ba zai zuba mata mai ran Talata ba.

Ɗan Gangare

Allah ya saka. To motocin da gwamnoni ke rabawa ana buga hoto fa, daga ina?

Hajiya Rikkos

Daga aljihun jiha ne, ƙanena, yawanci daga kuɗin tsaro na ofishin gwamna, kuma kyauta ce, ba wajibi ba. Nan ne abin ke da ban haushi. Sashe na 215 ya ba gwamna ikon bai wa Kwamishina umarni kan tsaron jama'a, amma Kwamishinan na iya cewa sai an kai maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Legas ce ta fi kowa tsara nata tallafin: tun 2007 ta kafa asusun tsaro da doka, kamfanoni na zubawa, ana sayen motoci da mai. Filato kuma ta kafa shirin tsaronta na Operation Rainbow a zamanin Gwamna Jang, wanda shi ma daga lalitar jiha yake ci. Jihar da ke da kuɗi sai ta samu sintiri mai kyau, marar shi ta zauna da abin da Abuja ta turo.

Ni a ganina ƙarancin kuɗin bai kai rashin ma'auni muni ba. Kason jihohi ana raba shi da ƙa'ida: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sauran bisa faɗin ƙasa, ƙoƙarin tara haraji da ci gaban al'umma. Caji ofis ba shi da irin wannan a doka. DPO na Wase ko Kanam, da zai yi tafiyar sa'o'i a hanyar burji kafin ya isa ƙauyen da aka kai hari, buƙatarsa ta mai ba ɗaya take da ta wanda ke Jos ta Arewa ba, shi kuma na Jos ya fi shi yawan fayil da tsararru. Da za a haɗa yawan jama'a, faɗin yanki da adadin ƙararraki, a buɗe wa kowane caji ofis asusu ana tura masa kai tsaye, a kuma liƙa adadin a bakin kanta, da mutanen PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, sun san abin da za su tambaya kafin su fara yawo da faranti.

Tsohon Akanta

Hajiya, turawa kai tsaye mai yiwuwa ce, amma tana da sharaɗi: kowane caji ofis sai ya samu mai riƙe littafin kuɗi da zai mayar da rasit kafin a sake tura wani, in ba haka ba an dai rage tsawon bututun ne, yoyon na nan. Su kuma masu jiran 'yan sandan jiha su tuna gyaran tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. In an yi shi ba a taɓa kashi 26.72 ɗin nan ba, jihar da ke fama da albashin malaman makaranta ita za a ɗora wa na kurata.