Neman kalmar Hausa: me za mu kira "akwizishin" a harkar maɗaba'a?

Malam Bello, Mabera: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira akwizishin, wato kamfani ya sayi wani kamfani har ya zama shi ke juya shi. Ta wannan hanya manyan maɗaba'u ke shiga ƙasashen waje, don takarda kaya ce mai nauyi, aikin ɗab'i kuma da wa'adi yake zuwa. Kafin mujallar da aka buga a Amurka ta iso Turai ta jirgin ruwa, labarinta ya kwana, kuɗin dako ya cinye riba. Gara a mallaki maɗaba'a a can. Haka Cimpress, uwar kamfanin Vistaprint, ta sayi Pixartprinting na Italiya a 2014, ta ƙara da WIRmachenDRUCK na Jamus a 2016. Masu fassara wasu na cewa saye, wasu haɗewa, wasu maja. Mi kunka gani?

Hajiya Asabe, Arkilla: Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire maja da haɗewa. Maja ita ce biyu ko fiye su narke su zama ɗaya, kamar jam'iyyun da suka haɗu suka haifi APC a 2013. A akwizishin akwai mai saye, akwai wanda aka saya, kuma sau da yawa wanda aka saya yana nan da sunansa da rajistarsa. Pixartprinting har yau da sunansa yake ciniki. Saye kuwa ya yi faɗi, don iri biyu ne. Ko ka sayi hannun jarin kamfanin, ka gaje shi da bashinsa da harajin da bai biya ba da haƙƙin sallamar ma'aikatansa, ko ka sayi kadararsa kawai, injina da gini, bashi ya zauna ga tsohon mai shi. Kalmar da ba ta raba waɗannan biyu ba za ta ruɗa mai karatu a daidai inda kuɗi ke salwanta.

Nasiru, Runjin Sambo: Hajiya, to haɗiya fa? Babba ya haɗiye ƙarami.

Hajiya Asabe: Haɗiya ta riga ta yanke hukunci cewa an yi fin ƙarfi, kuma ƙaramin ya ɓace. Ta dace da kanun labari idan masu kamfanin ba su so ba. Ba a sa ta a takardar yarjejeniya.

Alhaji Umaru, Gawon Nama: Maganar Hajiya gaskiya ce, abin da mai saye ke biɗa iko ne. Injin ana samunsa ga dillali, ba sai an sayi kamfani ba. Abin da ba a samu kasuwa shi ne kwastomomin wurin, da ma'aikatan da sunka san hannun injinansu. Shi ya sa kafin a biya ake tura injiniya ya duba na'urar ƙirga bugu ta kowane injin ofset, wato babban injin ɗab'i mai aiki da faleti, ya ga bugu miliyan nawa ya yi, ya duba silinda da rola, a kuma bincika ko injin na kamfanin ne ko jingina yake ga banki. Sannan a karanta kwangilolin manyan kwastomomi, don wasu na ɗauke da sharaɗin cewa in kamfani ya canza hannu suna iya janyewa. In rabin cinikin wurin daga mutum guda yake, ya tafi, ƙarfe kawai ka saya.

Bayan saye ma akwai aiki. Amurka na aiki da takardar leta, inci 8.5 da 11, mu da Turai A4, milimita 210 da 297, don haka tsarin shafi kan faleti da yankan takarda sun bambanta. Ma'aunin kala ma haka, Turai na bin Fogra, Amurka GRACoL. In ba a daidaita ba, jan tambarin kwastoma guda sai ya fito iri biyu daga maɗaba'u biyu na kamfani guda. Ni shawarata a ce sayen ragama.

Malam Bello: Allah shi ƙara girma, Alhaji, wagga ta zauna a baki. Ya sayi ragamar kamfanin, an sayar da ragamarsa. Saura wanda ya shiga da rabo bai karɓi iko ba.

Malama Hadiza, Ƙofar Atiku: Wannan tarayya ce, Malam, kalmar da malamanmu suka daɗe suna fassara sharikar littattafan fiƙihu da ita. Idan ɓangarori biyu suka zuba jari suka yi wa sabon kamfani rajista, kamfanin tarayya ke nan. Haka aka kafa kamfanin buga kuɗin Nijeriya a 1963, tsakanin gwamnatin tarayya da De La Rue na Ingila. Haɗin gwiwa a bar shi ga yarjejeniyar da babu jari a ciki, kamar maɗaba'ar Sakkwato ta riƙa tura aikin da ya fi ƙarfin injinta Kaduna ko Legas. Sau da yawa tarayyar ce matakin farko: Quad/Graphics na Amurka ya shiga Poland ta tarayya da maɗaba'ar Winkowski ta can a ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya sayi ragamarsa.

Nasiru: In an sa hannu, an sayi ragama ke nan?

Hajiya Asabe: A'a, ƙanena, sai hukuma ta yarda. Quad ya ƙulla cinikin sayen LSC Communications, wani babban kamfanin ɗab'i na Amurka, a 2018, ma'aikatar shari'ar Amurka ta kai ƙara a 2019 cewa gasa za ta ragu a buga mujallu da littattafai, cinikin ya rushe, Quad ya biya LSC dala miliyan 45. A nan gida FCCPC, hukumar kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ke duba manyan cinikayya irin wannan. Kafin amincewa a rubuta "ya ƙulla cinikin sayen ragama". Kuma a lura, wanda ya sayi kashi 30 cikin ɗari hannun jari kawai ya saya, sai dai in yarjejeniya ta ba shi ikon naɗa mafi yawan daraktoci.